Yadda Na Zama Zakaran Kajin Alhaji

Na manta abubuwa da yawa a rayuwa, wasu ma da gangan, amma ba na jin zan taɓa mantawa da safiyar da dattawan Djougou suka shigo gidana da ke unguwar Albarika. In za a ƙirga abin da nake tsoron rasawa a lokacin, ba shi da yawa: kaji bakwai na wani dattijo, da auren ƙanena Nuhu da ya rataya a wuyan kajin nan, sai ɗan girman da na daɗe ina tarawa a Parakou.

Ni sana'ata sayen abin da ya lalace. Da tire na fara, ina yawo da kwaɗo da batir a tasha. Yau ina da butik, wato shago, na kayan babur, kuma duk wanda babur ɗinsa ya gaji a unguwarmu ya san inda zai turo shi. In saya da araha, in gyara, in fesa fenti, in sayar. Wannan sana'a ta ciyar da ni, amma ta bar mini ciwo guda: ba na iya ganin abu a lalace in wuce. Kuma na saba da cewa in mai kaya ya fara kuka da kayansa, ba a barinsa ya kai ƙarshen magana, don kada ya sake shawara.

Nuhu ni na riƙe shi tun rasuwar mahaifinmu, ni ne uwa ni ne uba. Da ya ga yarinya a Djougou, Rakiya, sai ya zama ni zan je in nema masa. Gidansu tsohon gidan fataken goro ne, irin gidan da in ka zauna a zaure sai an ba ka labarin kakan kakansu da jakunansa. Mahaifinta, Alhaji Mamman, mutum ne mai magana a hankali, kamar yana auna kowace kalma da mudu. Muka je a ƙarshen damina, ni da wani kawunmu, na sha babbar riga wadda ko Sallah ban sa ba. Aka gaisa, muka faɗi abin da ya kawo mu. Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce, "Mun ji. Za mu yi shawara, za mu kuma duba gidan da za ta shiga."

Da a nan na tashi na tafi, da ba ku ji wannan labari ba. Amma muna fitowa sai na hango kaji a gindin wani mangwaro, sun takure wuri ɗaya. Wuyansu a tsige, bayansu a sanƙo, gashi ko'ina a ƙasa kamar an fige su don miya aka fasa. Ga dawa a zube a gabansu, ko kallonta ba sa yi. Zakaransu ne kaɗai ke yawo da kayansa cikakku.

Na ce, "Subhanallahi, Baba, me ya sami kajin nan?"

Ya ce, "Ai ka gan su nan, ɗana. Ba sa ci, ƙwai ma sun daina. Dama in damina ta ja baya..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Baba, kada ka damu. Ba ni su in tafi da su Parakou. Abin da ya fi wannan lalacewa na tayar. In ban dawo maka da su suna sheƙi ba, ka ce ba ni ba ne."

(Ku lura, ban taɓa kiwon ko tattabara ba. Iyakar sanina da kaza shi ne in gan ta a kan tuwo.)

Kawu ya taka mini ƙafa, ban ji ba. Alhaji ya dube ni, ya dubi ƙanensa Malam Idi da ke tsaye yana taunar goro, sannan ya ce, "To, madalla. Ga amana nan. Mu ga yadda gidanku ke riƙon abin mutane." Ya ce a haɗa mini da zakaran. Na ce a'a, shi ai lafiyarsa ƙalau, ba a kai babur mai tafiya gareji. A raina kuma na lissafa cewa baki ne kawai zai ƙaru a kan hatsi, ba ƙwai ba komai. Aka zuba mini kaji bakwai a kwando, aka ɗora a bayan mota, na kamo hanya ina jin na burge surukai.

Matata Hajara ta leƙa kwandon. Can ta ce, "Baban Ummi, aure aka aike ka nema ko gawa?"

Na ce, "Ke dai kawo masara."

Aka kawo masara, ba su ci ba. Aka kawo gero, suka dube shi suka dube ni. Na jiƙa dusa, na barbaɗa shinkafar da ta kwana, har tuwon da aka ajiye mini na gutsura musu. Ɗaya ta zo ta caka sau biyu, ta koma lungu ta rufe ido. Na kama wata don in ɗura mata, ta ƙwalla ƙara kamar na taka mata ƙafa, ta bar mini gashi cike da hannu. Na tsaya riƙe da gashin ina tunanin ko akwai gam ɗin da zai mai da shi.

Nuhu kuwa ya daina gaishe ni da "ina kwana". Da ya shigo butik sai, "Yaya, sun ci?" Rakiya ta gaya masa ta waya cewa kullum bayan la'asar babanta sai ya ce, "Ko yaya baƙinmu na Parakou?" Yaron nan har ya fara ramewa tare da kajin.

Da na ga abin ya fi ƙarfina, sai na naɗe ɗaya a tsumma na hau babur zuwa wurin wata mata mai sayar da maganin dabbobi a kusa da kasuwa. Ta buɗe fiffiken, ta duba ido da baki, ta nuna mini wasu abubuwa kamar tsinke-tsinke da ke tsirowa a fatar wuyan.

Ta ce, "Maigida, kazarka lafiyarta lau. Gashi take sakewa. Tsohon ya zube, sabo ya fito, haka suke yi in lokacinsu ya zo. Jikin yana musu tsami, shi ya sa ba sa son ci, ba sa son a taɓa su. Ka ba su abin da zai gina jiki, ɗan kifi, dusar awara, ƙwari. Abu biyu kawai za ka kiyaye: kada ka riƙa damƙarsu, kada kuma ka canza musu wuri. In ka ɗaga su daga inda suka saba, sai su ƙara ƙin ci."

Na ce, "To, in mutum ya riga ya ɗauko su daga Djougou fa?"

Ta ɗago ta dube ni. "Wane marar aikin yi ne zai yi haka?"

Na ce, "Wani maƙwabcina ne."

A kan hanyar komawa ne na gane abin da Alhaji ya so faɗa na katse shi. Kajinsa ba su lalace ba. Da na bar su a gindin mangwaronsu, da sun gama abinsu sun warware. Ni na ɗauko lafiyayyu na jijjiga su a bayan mota, na raba su da gidansu da zakaransu, yanzu kuma suna iya mutuwa da yunwa a hannuna. In mayar da su a haka, ƙashi da fata, bayan cika bakin da na yi a gaban dattawa? Wane uba ne zai ba gidan da ya kasa ciyar da kaza 'yarsa?

Na shiga nema. Dusar awara na samu wurin mata masu suya a bakin titi. Ƙananan busassun kifi na daka da kaina, Hajara tana tsaye tana cewa ita tun da ta zo gidan nan ba a taɓa daka mata komai ba. Wani abokin cinikina mutumin Partago ya koya mini tarkon gara: a cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da totuwar masara, a yayyafa ruwa, a kife ta a kan shuri, washegari da sassafe a ɗauke ta cike da gara. Haka na riƙa fita bayan gari, ni mai butik da yaran shago, ina tsintar kashin shanu a buhu ina waige-waige. Suka fara ɗan taɓawa, amma cin bai kai a ce ci ba. Su caka, su koma lungu.

Ran nan da safe ina tsugune ina kallonsu, sai zakaran maƙwabcina ya samu wani abu a bayan katanga, ya fara wannan ƙaramin kiran da suke yi wa mata: ƙut-ƙut-ƙut-ƙut. Wallahi kajin nan bakwai suka miƙe lokaci guda, suka ruga gindin katanga suna tonon ƙasa. Na ce ashe nan matsalar take. Injin lafiya lau, abin tayarwa ne na baro a Djougou.

Na je aro. Maƙwabcin ya leƙo ta katanga ya ga kajin, ya ce, "Maƙwabci, ina ganin girmanka, amma zakarana ba zai shiga asibitin nan ba." Saye kuma, mai maganin ta riga ta gargaɗe ni kada in kawo baƙon tsuntsu daga kasuwa cikin raunanan kaji, kada ya zo musu da ciwo na gaske. (Gaskiya ko ba ta faɗa ba, kuɗin da ake cewa zakara a lokacin bai yi mini ba.) Sai na yi abin da na saba yi in kayan gyara sun yi wuya: na duba abin da ke hannu. Abin da ke hannu kuwa ni ne.

Na ɗauki kujera na zauna a ƙofar gida ina nazarin zakaran maƙwabci kamar yadda nake nazarin sabon inji. Na ga ba kira kaɗai yake ba. Sai ya tona ƙasa da ƙafa, ya ɗauki abin da baki, ya sake shi, ya sake ɗauka, kai yana sama yana ƙasa. In kazar ta matso, ya sauke fiffike ɗaya ya zagaye ta da ɗan rangaji. Na haddace tsaf.

Gwajin farko na yi shi ne bayan na tabbatar Hajara ta tafi kasuwa. Na juye garar a ƙasa, na tsuguna, na haɗa yatsu kamar baki, na ɗauka na saki, na ce ƙut-ƙut-ƙut. Shiru. Na ƙanƙance murya, na ƙara sauri. Wata 'yar ja, wadda ta fi kowa sanƙo, ta karkata kai ta dube ni da ido ɗaya. Ta tako. Ta ci. Sauran suka biyo ta. Ranar sai da suka share garar nan, suka haɗa da dusar. Ban taɓa jin daɗin cinikin babur kamar yadda na ji daɗin wannan ba.

Daga nan abin ya zama aikin kowace safiya, kuma ni in na kama aiki ba na yin rabi. Na gane in na sa tsohuwar babbar rigata na saki hannu ɗaya yana jan ƙasa, sun fi saurin zuwa. Na ƙara da tonon ƙasa da ƙafa. Hajara ta kama ni tun a kwana na biyu ko na uku, ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Da ta samu numfashi ta ce, "Saura zanko, Baban Ummi. Ga jar hularka can a rataye." Da gatse ta faɗa. Ni kuma na ce me zai hana a gwada. (Ba ni da wata hujja cewa hular ta ƙara komai. Amma ranar da na fara sa ta sun ci sosai, kuma ɗan kasuwa ba ya canza abin da ya kawo ciniki.) In sun gama ci, don in rufe aiki, nakan miƙe in buga hannuwan riga in yi cara guda. Wannan kam ba don kajin ba ne. Daɗi kawai nake ji.

To, ashe Alhaji Mamman da Malam Idi sun shigo Parakou sunan jikan wani ɗan'uwansu, suka kwana. Da gari ya waye suka ce bari su cika alkawarin duba gida, ba tare da aike ba, don su ga gidan yadda yake. Hajara ta tarbe su, ta shimfiɗa musu tabarma a zaure, ta ce bari ta kira maigida. Ana cikin gaisawa sai Alhaji ya kasa kunne.

Ya ce, "A'a, 'yata, ashe kun sayi zakara?"

Ta ce, "E to, Baba... akwai dai."

Malam Idi ya ce, "Muryarsa ta tsufa. Wannan an cuci ɗanmu a ciniki. Mu gan shi."

Hajara ta rantse mini daga baya cewa ta yi ƙoƙarin tare su. Na san matata. Na tabbata har labule ta ɗaga musu.

Ni kuwa ina can ƙuryar gida, na ba ƙofa baya, aiki ya yi daɗi. Ina tsugune, jar hula a ka, hannun riga yana share ƙasa, ina zagaya 'yar jar kazar da rangaji, kai yana sama yana ƙasa, ƙut-ƙut-ƙut-ƙut. Zagayen ne ya juyo da ni. Abin da na fara gani takalma ne, ƙafa huɗu. Na bi su da ido zuwa sama: farar riga, carbi, gemu.

Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba, hannu ɗaya a ƙasa, gara tana bin yatsuna. Na so in yi sallama, abin da ya fito daga maƙogwarona bai yi kama da sallama ba. Goron da ke bakin Malam Idi ya tsaya cak. Hajara ta shige madafa, ina jin tana tari irin na wanda dariya ta shaƙe.

Da ƙyar na ce, "Baba... sannunku da zuwa. Ashe kuna tafe."

Na dubi Alhaji. Ba ni yake kallo ba, kajin yake kallo. Da na yi shiru su ma sun daina ci, sun ɗaga kai suna jirana.

Ya ce, "Ci gaba, ɗana. Ba su ƙoshi ba."

Na ce, "Baba, ai sun..."

"Ga 'yar baƙar can ko kusa ba ta zo ba. Ci gaba."

Jama'a, an taɓa kama ni da kaya a kan iyaka, an taɓa zagina a tsakiyar kasuwa, ban ji abin da na ji a safiyar nan ba. Na koma na tsuguna a gaban surukan ƙanena, na ɗauki gara na saki, na ce ƙut-ƙut, a hankali kamar mai roƙon gafara.

Malam Idi ya ce, "Ɗazu da muna zaure ya fi haka ƙarfi."

Na ƙara ƙarfi. 'Yar baƙar ta tako ta ci. Sai a lokacin Alhaji ya saki dariyar da yake riƙewa, ya dafa katanga, hawaye yana bin gemunsa. Ya tsuguna ya duba kajin ba tare da ya taɓa su ba. Sabon gashi ya rufe wuyan yawancinsu, ƙirji ya fara cikowa.

Muka koma zaure, na cire hular na cusa a aljihu. Aka kawo koko da ƙosai. Malam Idi ya ce, "Tambaya ɗaya gare ni. Shi Nuhun ma ya iya, ko kai kaɗai ne a gidan? Don mu san abin da za mu gaya wa yarinya."

Alhaji ya ce, "Bar shi haka, Idi." Ya juyo gare ni. "Ɗana, bakinka ya fi kunnenka sauri, wannan na gani tun a gidana. Amma na ba mutane amana da yawa a rayuwata, ban taɓa ganin wanda ya tsuguna mata haka ba. Gidan da kaza ba ta kwana da yunwa ba, Rakiya ba za ta kwana da ita ba. Ku turo manyanku a sa rana."

Na fara godiya, ya ɗaga hannu. "Kajin kuma su zauna nan har su gama. Kada a sake canza musu wuri. Tunda sun saba da kai."

Haka na ci gaba da aikin zakara har gashinsu ya cika, sai dai yanzu da sakata a ƙofa. Sakatar ba ta yi amfani ba, don Malam Idi ya riga ni isa Djougou. Ranar ɗaurin aure ina sauka daga mota, cikin shadda mai tsada, gwaggwannin amarya suka tare ƙofa suka ce ba za a fito da ita ba sai yayan ango ya yi cara. Na ce a yi mini rangwame. Suka ce babu ragi. Na yi, a gaban mutanen gari biyu.

In na zauna na yi lissafi, ban faɗi ba. Nuhu ya samu mata ta gari, kaji bakwai sun koma cif, biyu daga ciki ma Alhaji ya dawo mini da su kyauta. Abin da na rasa sunana ne: daga Djougou har tashar Parakou babu mai kirana da shi yanzu, kuma in na shiga zauren surukai sai wani ya yi gyaran murya ya tambaye ni ko gari ya waye. Na koyi barin dattijo ya kai ƙarshen maganarsa, ko da kuwa zai kai la'asar yana aunawa.

Da damina ta sake ja baya, kajin nan biyu suka fara zubar da gashi, suka takure a lungu. Hajara ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Baban Ummi, in ɗauko rigar?" Na hau babur na tafi kasuwa, na nuna zakaran farko da na gani, mai shi ya faɗi kuɗi, na biya. Tun da na fara kasuwanci, shi ne abu na farko da na saya ban nemi ragi ba.